Yadda Ake Haɗa ALC Tsakanin Rediyo da Amfilifaya Ba Tare da Ɓata Sigina ba

A bayan mafi yawan rediyoyin gajeren zango da masu sha'awar sadarwa ke aiki da su akwai wata ƙaramar kafa da aka rubuta ALC a gefenta, kuma akwai irinta a bayan amfilifayoyi da yawa, wato na'urorin da ke ƙara wa siginar rediyo ƙarfi. Wanda ya mallaki amfilifaya a karon farko yakan ga kafofin nan biyu, ya samo waya ya haɗa su, ya ɗauka cewa daga nan na'urorin za su riƙa kula da junansu. Wayar nan tana iya ceton bawul ko tiransisto, wato sassan da ke ƙara ƙarfi a cikin amfilifaya, daga ƙonewa, kuma ita ɗin dai tana iya mayar da sigina mai tsabta ta zama abin da ke damun duk wanda ke sauraro a kusa da ita. Bambancin yana wajen yadda aka saita ta, da kuma irin aikin da aka ɗora mata.

ALC tsari ne da ke rage ƙarfin sigina da kansa idan ya ga tana neman wuce iyaka. Kowane rediyo na zamani yana da nasa a ciki, kuma da shi ne mamurɗin ƙarfi yake aiki a yawancinsu: idan ka saita wat 40, wani sashe yana auna abin da ke fita, ya rage ninkin matakan farko na watsawa, wato yawan ƙarfin da suke ƙara wa sigina, duk lokacin da sigina ta nemi zarce adadin. Kafar da ke baya ƙofa ce da aka buɗe wa amfilifaya domin ita ma ta sa baki a wannan hukunci. Amfilifaya tana aiko da voltej, wato matsin lantarki, wanda ke ƙasa da sifiri, kuma gwargwadon nisan da ya yi ƙasa, gwargwadon yadda rediyon zai ja da baya. Tunanin ya samo asali tun zamanin bawul. Rediyoyi irin su Collins KWM-2, wanda ya fito a 1959, suna lura da lokacin da lantarki ya fara kwarara a ragar bawul ɗin 6146 na matakin ƙarshe, wato sashen da ke sarrafa kwararar lantarki a cikinsa, domin wannan ita ce alamar cewa turi, wato ƙarfin siginar da ake tura wa bawul ɗin, ya kai iyaka, sai su mayar da alamar ta zama voltej mai rage ninki. A wancan lokacin babu wata hanya mai sauƙi ta ƙayyade ƙarfin murya, don haka wayar ta zama dole. A yau rediyo yana da mamurɗin da ke sauko da ƙarfi daga wat 100 zuwa 5, kuma wannan ya sauya matsayin wayar gaba ɗaya.

Abin da ya kamata mai aiki ya riƙe kafin ya taɓa kowace waya shi ne cewa ALC ba ya ganin gaba. Sai sigina ta riga ta wuce iyaka, an auna ta, an mayar da ita voltej, voltej ɗin ya bi waya ya isa rediyo, sannan ninki yake sauka. Wannan yana ɗaukar ɗan lokaci, kuma a cikin ɗan lokacin nan amfilifaya ta riga ta sha turin da ake gudun ta sha. Ihu ne bayan hari, ko da yake ihu ne mai amfani, tunda yana hana hari na biyu da na uku. Saboda haka ra'ayina a kan wannan batu bai da sarƙaƙiya: ƙarfin turi aikin hannunka ne, da mamurɗin rediyo za ka saita shi, shi kuwa ALC na amfilifaya shinge ne da za ka kafa kaɗan sama da inda kake aiki, domin ranar da ka yi mantuwa. Idan ka bar rediyo a kan wat 100 ka ce wayar ta riƙa danne shi zuwa 40 a kan kowace gaɓar magana, ka ba ta aikin da ba za ta iya yi da tsabta ba.

Dalilin rashin tsabtar yana da sauƙin ganewa. Duk lokacin da ninki ya sauka da sauri ya sake hawa, siffar siginar tana sauyawa, kuma sauya siffa cikin hanzari yana haifar da wasu ƙananan sigina a gefe da gefe. A tsarin SSB, ɗaya daga hanyoyin aika murya ta rediyo, murya mai kyau tana cin faɗin da bai wuce kilohaz 3 ba. Idan aka gwada ta da sauti biyu, misali haz 700 da haz 1900, na'ura mai tsabta za ta fitar da su biyun ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Wadda aka matsa wa kuwa za ta haifo wasu a haz 3100, da 4300, da ma can ɗaya gefen, kuma waɗannan su ne fallatsin da maƙwabcinka na zango yake ji kamar ana yayyaga takarda a kunnensa. Kai ba za ka ji ba, wanda kake magana da shi ma sau da yawa ba zai ji ba, domin tacewar rediyonsa tana kan tsakiyar siginarka ne. Wanda ke kilohaz 5 daga gare ka shi ne mai shan wahala. Kamfanin Elecraft ya faɗi irin wannan a littafin jagorar amfilifayarsa KPA500, inda ya nuna cewa ALC kariya ce mai amfani amma bai kamata ya zama babbar hanyar sarrafa ƙarfi ba. Wasu kamfanonin ma sun yar da shi ɗungurungum, kamar yadda ACOM 1000 ba ta da kafar ALC ko ɗaya, ta dogara da nata tsarin kariya na ciki.

Amma akwai inda ba a yin jayayya. Idan amfilifayar da rediyon 'yan gida ɗaya ne, an ƙera su domin su yi aiki tare, irin su Icom IC-PW1 da rediyoyin Icom ko Yaesu VL-1000 da rediyoyin Yaesu, to littafin jagora yana buƙatar a haɗa wayar, kuma a bi matakan saitin da ya shimfiɗa. A irin wannan haɗi an riga an daidaita saurin tsarin biyu, kuma amfilifayar tana bi ta wayar ne ta ja ƙarfi baya idan ta ga zafi ko sigina mai dawowa daga eriya sun yi yawa. Kada ka cire ta don ka karanta cewa ALC yana ɓata sigina. Abin da za ka ƙara a kan umarnin kamfani shi ne ka sauko da mamurɗin rediyo zuwa kusa da abin da amfilifayar ke buƙata, domin wayar ta samu ɗan aiki kaɗan.

Kafin haɗawa

Mataki na farko karatu ne. Buɗe littattafan na'urorin biyu ka nemo abubuwa biyu a kowanne: wane ɓangare voltej ɗin yake tafiya, kuma ina iyakarsa. Icom IC-7300, alal misali, yana karɓar daga sifiri zuwa volt 4 ƙasa da sifiri ta kafar RCA, irin zagayayyar kafar da ake gani a na'urorin sauti, kuma rediyoyin Yaesu da yawa suna cikin wannan iyaka. Rediyoyin Kenwood da dama suna karɓa ta mahaɗin REMOTE mai ƙafa bakwai, kuma suna son voltej da ya ɗan fi wannan zurfi. Tsofaffin amfilifayoyin bawul an ƙera su ne domin rediyoyin bawul, waɗanda ke buƙatar voltej mai yawa kafin su motsa, don haka suna iya fitar da ninkin abin da rediyon yau yake jurewa. Idan littafin tsohuwar amfilifaya ya ɓace, auna da kanka: bar wayar a cire daga rediyo, sa ma'aunin voltej tsakanin tsakiyar kafar ALC da jikin ƙarfen amfilifayar, ka tura sigina na ɗan lokaci cikin madadin eriya, wato na'urar da ke shanye sigina ba tare da ta fita iska ba, ka karanta abin da ya fito yayin da kake murɗa mamurɗin ALC daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta haka za ka san iyakar voltej ɗin, kuma za ka san wane ɓangare ne na mamurɗin yake ƙara danniya, tunda kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan wannan ba.

Idan voltej ɗin ya fi ƙarfin rediyonka, ana rage shi da resisto mai mamurɗi da aka sa tsakanin na'urorin, a ɗauki rabon da ake so daga ƙafarsa ta tsakiya. Mai son ƙarin kwanciyar hankali yana iya ƙara dayod ɗin zina bayan resiston domin ya yanke duk abin da ya wuce iyaka, kuma tunda voltej ɗin na ƙasa da sifiri ne, ɓangaren dayod ɗin mai zobe shi ne yake komawa jikin ƙarfe.

Akwai kuskure guda da ya fi kowanne tsada, kuma ba a cikin saiti yake ba. Kusa da kafar ALC akwai wata kafar mai kama da ita sak, wadda rediyo ke umartar amfilifaya da ita ta koma watsawa. Akan rubuta mata SEND, ko RELAY, ko KEY, ko TX GND. Duka biyun sau da yawa RCA ne, kuma a bayan tebur mai duhu hannu ba ya bambance su. A tsofaffin amfilifayoyin Heathkit wannan kafa tana ɗauke da voltej mai yawa: kimanin volt 120 sama da sifiri a SB-220, da kusan haka ƙasa da sifiri a SB-200. Kafar SEND ta IC-7300 kuwa iyakarta volt 16 ne da rabin amfa. Ko an haɗa daidai ma, irin wannan amfilifaya tana buƙatar rile, wato makunnin da lantarki ke sarrafawa, ko wata na'urar shiga tsakani kafin ta sadu da rediyon zamani, balle a ce an yi kuskuren zuba wannan voltej a kafar ALC. Ka yi wa wayoyin biyu alama da launi daban-daban a kowane ƙarshe, kuma ka haɗa su alhali komai yana kashe.

Wayar kanta ta kasance mai sulke, gajeriya gwargwadon hali, kuma kada ta kwanta a jikin kebul ɗin da ke fita zuwa eriya. Voltej ɗin da take ɗauka ƙarami ne, ga shi tana zaune a wurin da ya fi ko'ina cika da sigina mai ƙarfi. Idan sigina ta shige ta, rediyo zai ɗauka amfilifaya ce ke masa magana, ya riƙa rage ƙarfi ba dalili. Naɗa ta sau huɗu ko biyar a zoben ferait kusa da rediyo yana maganin mafi yawan wannan, tare da haɗa jikin na'urorin biyu da gajeriyar wayar ƙasa mai faɗi. Sannan a tuna cewa a cikin amfilifayar bawul akwai volt 2000 zuwa 3000 ko fiye, kuma kafasitocinta suna riƙe caji bayan an kashe wuta. Duk abin da ake bayani a nan daga waje ake yin sa. Babu dalilin buɗe murfi domin saita ALC.

Saitin kansa

Kana buƙatar madadin eriya mai om 50 da zai iya shanye cikakken ƙarfin amfilifayar, da ma'aunin wat mai kama ƙololuwa. Ma'auni mai nuna matsakaici yana yaudara a kan murya, domin allurarsa ba ta iya bin gaɓoɓin magana. Za ta nuna maka wat 300 alhali ƙololuwa ta kai 900, kai kuma ka ci gaba da ƙara turi kana neman abin da ka riga ka samu.

Fara da wayar ALC a cire, ko mamurɗinta a ƙarshen da ba ya danne komai. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga amfilifayar bawul, domin daidaita ta yana buƙatar ka ga inda ƙarfi ya kai ƙololuwa yayin da kake murɗa TUNE da LOAD, mamurɗanta biyu na daidaitawa, kuma idan ALC yana aiki zai daddale ƙololuwar, allura ta tsaya cik, ka kasa gane ko ka iso wurin ko ka wuce. Sauko da rediyo zuwa wat 10 ko ƙasa da haka, ka tura sigina mai ɗorewa na 'yan daƙiƙoƙi, ka daidaita, ka saki, ka bar bawul ya huta. Ƙara turi kaɗan-kaɗan kana sake daidaitawa a kowane mataki, idonka a kan ma'aunin kwararar lantarkin raga fiye da kan ma'aunin wat. Raga ita ce sashe mafi rauni a bawul. Ta bawul 3-500Z tana jure wat 20, ta 8877 wat 25, amma ta 3CX800A7 wat 4 kacal take ɗauka, kuma ragar da ta lalace ba ta gyaruwa. Idan ka ga lantarkin raga yana hawa da sauri alhali ƙarfin da ke fita ya daina ƙaruwa yadda ya kamata, ka iso iyakar amfilifayar, ko kuma LOAD yana buƙatar a ɗan ƙara buɗe shi. Amfilifayar tiransisto ba ta buƙatar wannan daidaitawa, amma ita ma daga ƙasa ake hawa da ita, kuma haƙurinta da wuce iyaka bai kai na bawul ba.

Da ka kai ƙarfin da kake nufin aiki da shi, rubuta turin da ya ba ka shi. A ce kana son wat 500 kuma ka same su da turin wat 30. Wannan adadi na 30 shi ne ainihin saitinka, kuma da babu wayar ALC a duniya, da nan aikin ya ƙare. Ƙarfin da ka zaɓa ya kasance ƙasa da iyakar amfilifayar da kuma iyakar lasisinka, wadda ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka wat 1500 ne a ƙololuwa, a Birtaniya kuwa an ɗaga ta zuwa 1000 a 2024 ga masu cikakken lasisi a manyan zanguna.

Yanzu sai kafa shingen. Haɗa wayar, mamurɗin ALC yana nan a ƙarshen da ba ya danniya. Ɗaga turi kaɗan, zuwa inda abin da ke fita zai haura na aikinka da kimanin kashi 10 cikin 100, wato wajen wat 550 a misalinmu, muddin amfilifayar tana iya ɗaukar hakan ba tare da wahala ba. Kana cikin turawa, murɗa mamurɗin ALC a hankali har ka ga allurar wat ta fara motsawa ƙasa, ka tsaya daidai nan. Wurin da ta fara motsi shi ne bakin shinge. Saki, ka mayar da rediyo kan wat 30, ka sake turawa. Ya kamata ka ga wat 500 cif, kuma idan ka zare wayar ka mayar, kada adadin ya sauya. Idan ya sauya, shingen ya yi ƙasa, yana taɓa siginarka ta yau da kullum, sai ka ɗan sassauta.

Saura gwajin da zai nuna ko shingen yana tsare wani abu. Ɗaga turi zuwa wat 40 ko 45, ka tura na daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai. Abin da ke fita ya kamata ya tsaya kusa da 550, ya ƙi hawa. Idan ya ci gaba da hawa kamar babu waya, voltej ɗin bai isa ya motsa rediyon ba, ko kuma akwai wani zaɓi a cikin jerin saitin rediyon da sai an kunna shi kafin ya saurari kafar waje. Idan kuwa ƙarfin ya faɗi warwas, ya sake tashi, ya sake faɗuwa, yana numfashi kamar zugazugi, to tsarin biyu suna kokawa da juna: amfilifaya ta danna da yawa, rediyo ya yi ƙasa, voltej ya ɓace, rediyo ya zaburo, aka koma farko. Rage rabon voltej da resisto yakan kwantar da wannan. Idan bai kwanta ba, na'urorin biyu ba su dace da juna ta wannan fuska ba, kuma cire wayar ya fi barin ta alheri, sai ka dogara da mamurɗin rediyo da kariyar cikin amfilifayar.

Saiti ɗaya ba ya isar duk zanguna. Ninkin amfilifaya a kan zangon mita 80 ba ɗaya ba ne da na zangon mita 10, inda yawanci take buƙatar turi mai yawa kafin ta ba da ƙarfi iri ɗaya. Bayan haka, abin da amfilifayar ke aunawa domin ta samar da voltej ɗin ya bambanta: wasu suna ɗiban samfuri daga siginar da ke shigowa, wasu daga wadda ke fita, wasu kuma, kamar Ameritron AL-80B, suna lura da lantarkin raga. Wadda ke ɗiba daga sigina tana iya ba da voltej daban a kowane zango, kuma wadda ke auna mafita tana iya ruɗewa idan eriya ba ta daidaita sosai ba. Tunda mamurɗin ALC ɗaya ne tak a yawancin amfilifayoyi, bi zangunan da kake aiki a kai ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta turin kowanne a takarda ka manna kusa da rediyo, sannan ka bar shingen a inda ba zai taɓa siginar kowane zango ba. Idan rediyonka yana iya tuna ƙarfi daban ga kowane zango, yi amfani da wannan dama, domin ta fi wayar ALC hana mantuwa.

Abin da wayar ba za ta iya ba

Wasu rediyoyin suna da wata ɗabi'a da ma'auni na yau da kullum ba ya nunawa. Ka saita su a wat 30, amma a farkon kowace watsawa, na 'yan milisakan kaɗan, sukan zabura su fitar da abin da ya kusanci cikakken ƙarfinsu kafin ALC na ciki ya farga ya danne. Ga eriya wannan ba komai ba ne. Ga amfilifayar da ke jiran wat 30 kuwa, turi ne da ya ninka abin da take so sau uku, kuma alamunsa su ne amfilifaya ta riƙa katsewa da kanta a kan kalmar farko, ko a ji ƙarar tartsatsi a cikinta, ko tiransisto ya mutu ba tare da wani gargaɗi ba. Tiransistocin LDMOS na zamani, irin su BLF188XR, wat kaɗan suke buƙata su ba da kilowat, kuma ƙofar shigarsu ba ta yafe wuce iyaka ko na ƙiftawar ido. Mutane da yawa suna haɗa wayar ALC da fatan ta magance wannan zabura, amma ba za ta iya ba, domin ita ma sai bayan abin ya faru take jin labari.

Ana ganin zaburar da osiloskof, na'urar da ke zana siffar sigina a allo, da aka haɗa ta hanyar ɗan samfurin sigina, ko da ma'aunin ƙololuwa mai sauri. Maganinta na farko shi ne rage ninkin makirfo, ko matakin turi idan rediyon yana da mamurɗinsa daban, har ma'aunin ALC na rediyon ya riƙa motsi kaɗan kawai, domin rarar ninki ita ce ke zama zabura. Magani na biyu, wanda na fi amincewa da shi, shi ne sa na'urar rage ƙarfi tsakanin rediyo da amfilifaya. Mai desibel 3 tana raba ƙarfi biyu, mai desibel 6 tana raba shi huɗu. Idan amfilifaya tana son wat 40, sai ka bar rediyo a kan 80 ta cikin mai desibel 3. Ko da ya zabura zuwa 110, abin da zai isa gare ta 55 ne. Sai dai na'urar ta kasance mai iya shanye zafin rabin da take riƙewa, kuma a sani cewa idan tana kan hanya a lokacin sauraro za ta rage siginar da ke shigowa da adadi ɗaya, abin da ba ya damuwa sosai a ƙananan zanguna inda hayaniyar sararin sama ta riga ta yi yawa.

Wata matsalar da ake ɗora wa ALC alhali ba tasa ba ce ita ce ta lokaci. Rile ɗin amfilifaya yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya rufe, kuma manyan rile na tsofaffin amfilifayoyi sukan ɗauki milisakan 15 ko fiye. Idan sigina ta iso kafin ya gama rufewa, bakinsa yana ƙonewa sannu a hankali. Rediyoyin zamani suna da saitin jinkirin watsawa domin wannan. A IC-7300 ana iya zaɓar daga milisakan 10 zuwa 30.

Murya, Mos da dijital

A kan SSB, bayan ka gama saiti da sigina mai ɗorewa, koma murya ka yi magana yadda ka saba, ba da ihu ba kuma ba da fito ba. Daidaita ninkin makirfo har allurar ALC ta rediyon ta tsaya cikin yankin da kamfani ya shata, ka duba ma'aunin ƙololuwa ka tabbatar yana taɓa 500 a kan gaɓoɓi masu ƙarfi kawai. Idan kana son muryarka ta ƙara cika, yi amfani da matsewar murya ta rediyon cikin matsakaici, domin an ƙera ta ne don wannan, kuma a yawancin rediyoyi tana aiki kafin tacewa. Neman cika ta hanyar danna ALC shi ne babban tushen fallatsi, kuma ribar da ake nema ba ta kai ta kawo ba: daga wat 500 zuwa 600 bai kai desibel 1 ba, alhali mataki ɗaya na ma'aunin S, mai nuna ƙarfin siginar da ake karɓa, desibel 6 ne.

A kan Mos, wato aika saƙo da ɗigo da layi, rediyo yana lanƙwasa farkon kowane ɗigo da ƙarshensa cikin kimanin milisakan 5 domin kada ya yi ƙwas-ƙwas a gefe. ALC mai danniya yana kaifafa wannan lanƙwasa, sai ƙarar maɓalli ta bazu. AM, wani tsarin aika murya, ya fi kowanne rashin jituwa da shi, domin ƙololuwar siginar tana ninka ƙarfin da ake gani lokacin shiru sau huɗu. Amfilifayar da iyakarta wat 1000 ce ba za a wuce 250 da ita ba lokacin shiru, zafi ma yakan tilasta a yi ƙasa da haka, kuma shingen da aka kafa a kan ƙarfin shiru zai aske kan kowace kalma.

Hanyoyin dijital iri biyu ne ta wannan fuska. PSK31, wanda Peter Martinez ya fito da shi a 1998, yana sauya girman sigina yayin aikawa, don haka ƙaramar danniya ma tana faɗaɗa shi; a nan ana rage sautin da ke fitowa daga kwamfuta har ALC ya yi shiru. FT8, wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, girman siginarsa ba ya sauyawa, saboda haka ɗan motsin allura ba ya ɓata shi kamar yadda yake ɓata PSK31. Haɗarinsa zafi ne: yana tura cikakken ƙarfi na kusan daƙiƙa 13 a cikin kowace 15 ta zagayen watsawa, kuma ALC da aka saita a kan ƙololuwar murya ba zai ga laifin wannan ba ko da amfilifaya tana dahuwa. Duba abin da littafinta ya yarda da shi na sigina mai ɗorewa, ka sauko da turi da hannunka zuwa can.

Bayan duk wannan, koma kan eriya ta gaske ka kalli siginarka daga waje. Ƙaramin rediyon SDR, wato wanda kwamfuta ke sarrafa siginarsa, da aka ba ɗan samfuri mai rauni ƙwarai zai nuna maka faɗinta a allon kwamfuta, haka ma masu karɓar KiwiSDR da ke buɗe a intanet, muddin siginarka ba ta yi musu ƙarfin da zai sa su ƙirƙiro fallatsin kansu ba. Yi magana a rediyo alhali amfilifaya tana matsayin jira, ka sake yi tana aiki, sannan ka sake yi da wayar ALC a cire. Siginar za ta ƙara haske idan amfilifaya ta shiga, amma gefunanta su tsaya a inda suke, kuma hoton da waya da wanda babu waya su zama iri ɗaya. Idan ka sauya rediyo, ko bawul, ko ka ƙara sabon zango, zare wayar ka koma kan wat 10 da madadin eriya, ka sake bin matakan daga farko.